Ledar Da Na Ce Ƙasa Za Ta Ci

Na san kun daɗe kuna jin kunyar wannan hali nawa. In muna tafiya masallacin Juma'a na tsaya na sunkuya zan tsinci leda a bakin kwata, sai in ga kun ƙara sauri kamar ba tare muka fito ba. Na kuma san labarin da ake ba ku a unguwa, wai ubanku ya taɓa zama babban ɗan kasuwa, sai kansa ya ɗan taɓu, ya rufe shago ya koma tonon shara, daga nan aka laƙa masa Haruna Juji. Sunan kam nawa ne, ina amsa shi. Amma kaina bai taɓa taɓuwa ba, kuma a duk rayuwata ban yi abin da ya fi wannan hankali ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin mai shi.

A bayan gidanmu na Gangare a Jos, inda yanzu aka gina ɗakunan haya, juji ne a da. Kada ku yamutsa fuska, jujin wancan zamani ba irin bolar da kuka sani ba ce. Toka ce daga murhu, da kashin awaki, da ɓawon doya, da sharar tsakar gida, da ganyen da aka kwance daga alala. Kakarku Inna ta fi alfahari da jujin nan a kan jeren kwanukanta, domin in damina ta bi ta kansa sai ya koma baƙi ƙirin, mai laushi, kana cusa hannu ka ji ɗumi. Kuma yana da mai shi. Kakanku Audu ya yi aikin haƙar kuza tare da wani mutum Birom mai suna Gyang, kwanon sarki ɗaya suke karɓa-karɓa, tuwo ɗaya suke ci. Da aikin kuza ya ja baya, Gyang ya koma noman lambu a bakin wani kududdufi da masu haƙa suka bari, can gaba da Gada Biyu. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ya zo da a-kori-kura ya kwashe jujinmu ya kai gonarsa, ya bar wa Inna kwando cike da dankali da kabeji da karas. Ba ciniki ba ne, ba a taɓa yin zancen kuɗi ba. Kakanku ya rasu ina saurayi, motar ba ta fasa zuwa ba ko shekara ɗaya. Mutanensa suna ce masa Da Gyang, wato uba a harshensu, ni kuwa Baba nake ce masa.

A ƙarshen shekarun nan na mulkin soja, kafin a koma farar hula, ina da shago kusa da kasuwa ina sayar da kwanuka da bokitan roba. Ina da jini a jika, ga baki, ga ido a kan abin da zai karɓu. Wata tafiya da na yi Kano saro kaya na ga ana ƙulla gishiri a wata 'yar farar leda mai shuɗin zane, na ce wannan ita ce. Na ɗauko ta da yawa. Da farko matan unguwa ba su yarda da ita ba, don sun saba da ganye da takardar siminti da gwangwani. Tambayarsu ɗaya ce, kuma tambayar masu hankali ce: in an gama da ita, ina za ta? Ni kuwa sai in ɗaga ta a rana in nuna musu yadda ake hango hannu ta cikinta, in ce abin da bai kai ɓawon albasa kauri ba, damina biyu ƙasa ta cinye shi. Ku rubuta wannan ku ajiye, ba ƙarya na yi niyyar yi ba. Har zuciyata haka na ɗauka. Mu mutanen da muka tashi muka ga ƙwarya da faifai da tabarma da igiyar rama duk suna komawa ƙasa, ina za mu san akwai abin da ƙasa ke ƙi? Laifina shi ne na faɗi abin da ban gwada ba, da murya irin ta wanda ya gwada.

Kafin shekara ta zagayo, mai manja da mai ƙuli-ƙuli da mai alala duk sun koma leda, kuma duk tawa ce, don ni kaɗai ke kawo mai shuɗin zanen nan. Na sayi babur, na yi wa mamanku Hajara ɗinki kala uku rana ɗaya. Ledar kuwa, da an kwance ta sai a jefa ta inda ake jefa ganye. Maƙwabta ma da ke zuba shararsu a jujin Inna haka suke yi. A shekarar farko ta ledar, da Baba Gyang ya zo kwasa, ya tsinto ɗaya da bakin shebur, ya juya ta, ya tambaye ni mene ne wannan. Na ba shi amsar da nake ba kowa. Bai ƙara tambaya ba, ya ci gaba da lodi. Ɗan Audu ne ya faɗa, shi ke nan. Haka ya kwashe na shekarar, ya kuma kwashe na mai bi mata.

A shekara ta uku ruwa ya ɗauke, motar ba ta zo ba. Inna ta yi ta leƙa ƙofar baya, tana cewa ko dai ciwon ƙafarsa ne ya tashi. Juji ya yi tsini har maƙwabta suka fara magana. Sai wata Asabar da hantsi Baba Gyang ya yi sallama, a ƙafa, da kwando a kansa an rufe da tsumma. Inna ta yi murna, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta aika a kira ni daga shago. Aka gaisa, aka tambayi iyali, ya sha ruwa. Sannan ya jawo kwandon ya yaye tsumman. Babu dankali a ciki. Wani dunƙule ne kamar kan jariri, a murɗe, yana wari, kuma ko daga inda nake zaune ina hango shuɗin zanen nan.

Ya dubi Inna ya ce, "Mama, ba faɗa na zo yi ba. Akuya na biyu ya mutu. Yana ci, yana ramewa. Na buɗe cikin shi, na samu wannan."

Sannan ya juyo gare ni. Muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Yarona, kai ne ka gaya mini ƙasa zai ci shi. Ƙasa bai ci ba. Kaya naka ne, na kawo maka."

Ya faɗa wa Inna cewa bana ba zai kwashi juji ba, kuma bai san ko zai sake kwasa ba. Ya ce gonar ma ta shaƙe, ruwa ba ya shiga, saiwar kabeji tana naɗewa cikin leda. Ya miƙe ya tafi, ya bar kwandon. Inna ba ta raka shi ƙofa ba. Ban taɓa ganin ta ji kunya irin ta ranar ba.

Kun san halina, ko yanzu da na tsufa ba na karɓar laifi da sauƙi, balle a lokacin. Na tashi na cika tsakar gida da magana. Na ce ni na yi ledar? Masu masana'anta suka yi. Ni na jefa ta a juji? Matan unguwa suka jefa. Ni na kai ta gona? Shi ya zo da motarsa ya loda da hannunsa. Na ce dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, an rasa wanda za a kama sai ni mai tsakiya. Mamanku tana wanke-wanke, yadda take buga kwanukan ya ishe ni amsa.

Don in wanke kaina na tafi wajen duba-garin unguwarmu, wani siririn mutum mai gajeren wando da littafi a hammata. Na ce masa ai shara ta hukuma ce, su ya kamata su san yadda za a yi da leda. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Oga, ni aikina kwata da masai da tukunyar ruwa. Juji na cikin filin gidanku, gona kuma ba a garina take ba." Ban ga laifinsa ba, littafinsa an rubuta shi tun kafin a haifi leda. Da na koma Kano na tambayi wanda nake saro ta a wajensa, ya yi dariya ya ce shi daga ta fita ƙofar shagonsa ta zama tawa. Na dawo ina jin daɗi, wai na samo hujja cewa kowa ya zame, to ni ma na zame. Na zayyana wa Inna duk wannan tana tsince shinkafa a faifai. Ta bari na kai aya.

Ta ce, "Auta, wa ya sayi babur?"

Ba ta jira amsata ba, ta ɗora.

"Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Ban san mai masana'anta ba, ban san na Kano ba. Gyang ma bai san su ba. Bakinka ya ji, kuma don ubanka ya yarda."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Daga baya ta ƙara da cewa ita ma tana da nata kason, tunda jujinta ne kuma ita ta bari aka zuba, don haka nata za ta tsince da hannunta. Kashegari da safe na fito na same ta durƙushe a kan juji, tsohuwa mai ciwon baya, tana zaro leda ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a tsohon daro. Wannan ne ya karya ni, ba maganar ba. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko shebur da kwanon sarkin kakanku da wata rariyar waya da ya dawo da ita daga wajen kuza, na ɗaure su a bayan babur.

Gani ya kori ji. Gonar da na sani kore shar, na same ta kamar an yi shanyar tsummokara. Leda ta leƙo daga kowace kunya, wata ta maƙale a ƙaya tana kaɗawa, in ka sa fartanya sai ta fito da ita a naɗe. Baba Gyang yana ban-ruwa da bokiti, ruwan yana kwanciya a sama ya ƙi nutsewa. Na gaishe shi, na ce na zo kwashe kayana. Ya dube ni, ya dubi farar rigata da agogona, ya dubi kwanon sarkin. Kwanon ya daɗe yana kallo, don ya san shi, har da lotsawar da ke gefensa. Bai ce sannu da zuwa ba, bai ce koma ba. Ya nuna mini kunyar farko da haɓa.

Sati bakwai na yi a gonar nan. In haƙa, in zuba a rariya, in girgiza, ƙasa ta zube, leda ta tsaya. Sanyin Jos na safe ya tsattsage mini hannu, ruwan kududdufin nan kamar ƙanƙara. A satin farko ba ya mini magana sai abin da ya zama dole. A na biyu matarsa ta fara aiko mini da gwaten acca da rana. A na uku ya fara ba ni labarin kakanku, yadda rami ya taɓa rufta musu, Audu ya tono Gyang da hannu har farcensa ya fita. Ban taɓa jin wannan labari a gida ba. A ranar na gane abin da nake shirin ɓatawa saboda 'yar leda, kuma na ji tsoro.

Amma bakina bai mutu ba. Wata rana muna hutawa na ce masa, ni fa har yanzu ina ganin in an ƙara mata lokaci za ta ruɓe, ƙila damina biyun ce ta yi kaɗan. Ya yi dariya, karo na farko tun zuwana. Ya tashi ya zaɓo guda mai kyau cikin tarin, ya haƙa rami a gindin wani dutse a iyakar gona, ya sa ta tare da ganyen ayaba ɗaya, ya rufe, ya ɗora ƙaramin dutse.

Ya ce, "Kada mu yi gardama. Kowane shekara mu zo mu tambaye shi."

Yanzu ga abin da na biya, tunda shi ne ake juya muku. Sati bakwan nan sun faɗo daidai lokacin da kasuwa ta fi ci, ana shirin bukukuwan ƙarshen shekara. Shago a rufe. Maƙwabcina a kasuwa ya je ya saro irin ledata, masu sayena suka koma wajensa, kuma ba su dawo ba. Shi ne mai benen nan da kuke wucewa, Allah ya ƙara masa, ban taɓa yi masa hassada ba. Da na buɗe shago kuma sai na ƙara wa kaina wata asarar. Na daina sayar da siririyar, na bar mai kauri da za a wanke a sake amfani da ita. Duk wadda ta zo saye sai in ce mata, Hajiya, abin da na faɗa muku a da ba haka ba ne, wannan ba ta ruɓewa, kada ki sa ta a juji, kada akuya ta gan ta. Na kafa duro a ƙofar shago na ce duk ledar da ta fito daga hannuna a dawo mini da ita nan. Ɗan kasuwa yana kushe hajarsa da bakinsa, ai dole a ce ya taɓu. 'Yan layinmu suka yi ta tsokanata, in na shigo su toshe hanci su ce ga Haruna Juji. Na sayar da babur a shekarar, na koma keke.

Ba zan ce muku na san yadda zan yi da abin da na tara ba. Mun gwada ƙonawa sau ɗaya, hayaƙin ya sa Inna tari kwana uku, muka bari. Mamanku ce ta fara yanka ta tsawo-tsawo tana tufka igiya, igiyar da ruwa ba ya ci, har masu awaki suka riƙa nema. Wani tela ya riƙa karɓar wankakkiya yana cusa wa matashin kujera. Fasassun bokitai da tsofaffin takalman roba kuwa na samu direban da ke kai su Kano inda ake narkawa. Abin da ya ƙi shiga ko'ina na ɗura a buhuna na jibge a ɗakin ajiya, na ce tunda ni na gayyato baƙuwar, ta kwana a ɗakina. Wannan ne asalin sana'ar da ta ciyar da ku ta kai ku makaranta. Ba ta yi bene ba, amma ba ku taɓa kwana da yunwa ba.

Duk wannan ina yi ne ido na kan abu ɗaya. Damina ta zo ta wuce. Inna ta kafa doka a kan jujinta, ta zauna kusa da shi da sanda, duk wadda ta zo zubar da shara sai ta buɗe an gani. Ruwa ya ɗauke, sati ɗaya, sati biyu, shiru. Inna ta daina leƙa ƙofar baya don kada a ga tana leƙawa. Ran nan ina karyawa sai na ji ƙugin mota a lungu. Na fito da lomar ƙosai a hannu. Baba Gyang ya sauko daga a-kori-kura, bai shiga zaure ba, ya wuce kai tsaye bayan gida. Ya naɗe hannun riga ya cusa hannu cikin juji har gwiwar hannu, ya damƙo, ya murza, ya sansana. Ya koma wani gefen ya sake. Sau huɗu yana yi, mu kuwa muna tsaye kamar masu jiran hukuncin alƙali. Sannan ya karkaɗe hannu ya miƙo mini shebur.

Ya ce, "Ɗan Audu, loda."

Inna ta juya ta shige ɗaki da sauri, wai za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba. Kwandon shekarar ya fi na kullum cika, kuma kowane kan kabeji da ganyen ayaba aka naɗe shi.

Mun riƙa zuwa wajen dutsen nan duk shekara kamar yadda Baba Gyang ya ce. A zuwan farko ganyen ayaban ya ɓace, ko jijiyarsa ba mu gani ba. Ledar kuwa muka karkaɗe ta, ga ta nan. Sai ya ɗaga ta a rana kamar yadda nake yi a kasuwa, ya kwaikwayi muryata ya ce damina biyu, mu yi dariya mu mayar. Inna ta rasu, muka je muka tono, tana nan. Baba Gyang ya rasu, na je jana'izarsa na zauna a cocinsu daga baya, da aka watse na bi ta gonar ni kaɗai, tana nan. Da 'ya'yansa za su sayar da filin a yi gidaje, babbar 'yarsa ta aiko a gaya mini in zo in ɗauki ajiyata.

Tana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a cikin ambulan ɗaya da takardar gidan nan. Na haɗa su da gangan, don duk wanda ya gaji ɗaya ya gaji ɗayar. Ta yi rauni, ta ɗan yayyage a baki, amma shuɗin zanen yana nan. Ƙasa ta ci Inna, ta ci Baba Gyang, ta ci mamanku, ni ma tana jirana, wannan kuwa ta ƙi ta. Saboda haka in kun ga na sunkuya a bakin kwata, ba sai kun taya ni ba. Ku dai rage sauri ku jira ni, kayana nake kwashewa.